Hoton Mai Ƙosai a Fuskar Wayata

A shekarar da man fetur ya yi tashin gwauron zabi, kwanon masara ya nemi ya gagari mai iyali, ni matashi ne mai gyaran kwamfuta, ban cika talatin ba, kuma ina ji da kaina fiye da yadda ya kamata. Ƙauyenmu yana cikin gonakin da ke bayan Tofa, irin ƙauyukan nan da kafin ka gama yi wa mutanen gona sannu da aiki ka riga ka shiga na gaba. Ni kaɗai ne a gidanmu na yi boko har na samu difloma, kuma ban bar kowa ya manta da hakan ba. Ina da ɗan shago a wajen Rijiyar Zaki, kullum in hau mota da safe in dawo da yamma, jaka a kafaɗa, takalmi a goge. Edita, ba zan ambaci sunan kowa ba, na kuma sauya abin da ya kamata in sauya don kada a gane wadda zan yi magana a kanta, domin na riga na tona mata asiri sau ɗaya, ba zan ƙara ba. Na rubuto ne saboda abin ya daɗe yana cina, kuma na san akwai masu sana'a irin tawa da suke yin abin da na yi ba su ɗauke shi a bakin komai ba.

Da kuɗin mota ya ninka, sai zuwa shago kullum ya gagare ni. Na kulle shagon na dawo gida, na koma yin aikin daga nesa. Ga wanda bai sani ba, akwai wata manhaja da ake sakawa a kwamfutar mutum, kai ma ka saka a wayarka, sai fuskar kwamfutarsa ta fito a wayarka sak. Kana zaune a ƙauye kana taɓawa, 'yar kibiyar nan tana yawo a can birni, ka gyara abin da ya lalace ba tare da ka taka ko'ina ba. Da wannan na riƙe 'yan kwastomomina, makarantu biyu, wani kantin magani, da wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a gefen gari. Yadda aka tsara abin shi ne, mai kwamfuta ya karanto maka lamba, ka nemi shiga, shi kuma ya danna ya amince, sannan hanya ta buɗe. Wato ka yi sallama a amsa maka. Ni kuwa sai na ga wannan ɓata lokaci ne, ga sabis da ke yawan ɗaukewa, ga mutanen da sai ka yi ta kwatanta musu inda za su danna, data tana zuba. Sai na bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya na gyara su yadda zan shiga duk lokacin da na ga dama, ba sai kowa ya amince ba. Na gaya musu na sauƙaƙa musu ne. Babu wanda ya fahimci abin da na yi, kowa cewa ya yi ai ni na san aikina.

A ƙauyenmu wuri ɗaya ne sabis yake da ƙarfi, gindin darbejiyar da ke ƙofar masallaci, kuma nan ne majalisar manya. Damina ta sauka, kowa yana gona tun asuba, taki ya yi tsada har wasu sun koma kwasar toka da kashin awaki suna kaiwa, ni kuwa ina rakuɓe a gefen bishiya da waya a hannu. In sun taso daga gona wajen la'asar, ƙafafu duk laka, sai su same ni inda suka bar ni. Suka sa mini suna Injiniyan zaune. Kawu, yayan mahaifiyata, shi ne shugaban tsokanar. Yakan ce shi bai taɓa ganin aikin da ake yi da babban yatsa kaɗai ba in ba jan carbi ba, wai in zo ya ara mini fartanya ko gwiwoyina sa tuna aikinsu. Ina dariya tare da su, amma a raina abin yana yi mini zafi ƙwarai. Burina shi ne wata rana in nuna musu abin da zai rufe musu baki.

Akwai wata mata a unguwarmu da ke tuyar ƙosai da damun koko a ƙofar gidanta. Mijinta ya rasu shekara biyu kafin lokacin, bayan doguwar jinya da aka yi ta cewa shawara ce, ya bar ta da yara huɗu da 'yar gonar da hatsinta ba ya kai su tsakiyar rani. Kaskon nan shi ne cinsu, shi ne suturarsu, shi ne sabulun wankinsu. Ƙosanta ya yi suna, har daga ƙauyen gaba ake aikowa, kuma a shekarar da abinci ya yi wuya gidaje da yawa da shi suke karyawa. Ina ce mata Yaya. Ita kaɗai ce a garin take kirana Injiniya ba da tsokana ba, kuma ba ta taɓa sallamata babu gyaran ƙosai ba. Sau ɗaya a wata takan shiga birni, ta ce za ta saro wake da mai, babu wanda ya taɓa tambayarta wani abu bayan wannan.

Ranar da abin ya faru Talata ce, ana shirin sallar la'asar. Ma'aikaciyar da ke kula da katunan marasa lafiya a asibitin nan ta kira ni, mace ce mai natsuwa, ta ce firinta ta ƙi fitar da takarda. Ta ce amma in dakata tukuna, za ta je ta yi salla, in ta dawo za ta rufe abin da ke buɗe a kwamfutar sannan ta kira ni in shiga. Har sau biyu ta maimaita cewa in jira kiranta. Na ce mata babu damuwa. Muka yi salla muka fito, majalisa ta cika, kawu ya fara halinsa. Ya tambaya wai yau kuma dami nawa Injiniya ya noma a waya. Aka kwashe da dariya. Sai na ji wani abu ya taso mini, na ce su matso, yanzu-yanzu zan gyara injin da ke birni ina zaune a nan, su gani da idonsu. Na tuna da maganar ma'aikaciyar, wallahi na tuna. Na ce a raina minti biyu ne, ba za ta ma sani ba.

Na danna, fuskar kwamfutar ta fito. Mutum biyar ko shida suka rufu a kaina, ina motsa kibiyar suna ta mamaki. Ban ko tsaya na duba abin da ke buɗe ba, hankalina yana kan fuskokinsu. Sai kawu ya miƙo hannu ya ce in kawo ya duba da kyau, idonsa ya yi rauni. Duk wanda ya tashi a irin garinmu ya san babba ba ya miƙo hannu ka hana shi, balle kawunka, balle a gaban mutane. Kuma waya a majalisa ba ta mutum ɗaya ba ce, in an ga abin kallo haka take yawo daga wannan hannu zuwa wancan. Na miƙa masa da hannu biyu. Ya kai ta kusa da ido, ya buɗa da yatsu yadda ya ga ana yi wa hoto, sai ya ce af, ai wannan matar marigayi ce mai ƙosai, me take yi a cikin wayar Injiniya. Kafin in yunƙura ya miƙa wa na kusa da shi ya ce ya karanta masa abin da aka rubuta, tunda shi bai yi boko ba. Na kusa da shin dillalin filaye ne, ya yi sakandare, yana jin Turanci, kuma duk gari an san cikinsa ba ya riƙe magana.

Ina kallon idonsa yana bin layi. Katinta ne na asibiti, ga hoton fasfo, ga suna, ga sunan ƙauyenmu, a sama kuma an rubuta sashen masu karɓar maganin cuta mai karya garkuwar jiki, har da ranar da za ta koma karɓa. Na ga lokacin da ya kai wajen, domin leɓensa ya daina motsi. Ya ɗago ya dube ni, ya miƙo mini wayar, ya ce wa kawu katin asibiti ne kawai, na zazzaɓi da ciwon kai. Aka ci gaba da hira. Ni kuwa na yi maza na fita daga kwamfutar. Da ya yi surutu irin nasa, da hankalina bai tashi haka ba. Shirun da ya yi shi ya tsorata ni. Can bayan kamar minti goma ma'aikaciyar ta kira ta ce ta rufe komai, bismilla in shiga. Na gyara firintar, ta yi mini godiya, har tana yabona wai ina da haƙurin jira.

Da aka idar da magariba na tare dillalin a bayan masallaci. Na haɗa shi da Allah, na ce abin da ya gani amana ce, ya tuna marayu huɗu ne a gidan nan. Ya dafa ƙirji ya ce shi bai ga komai ba, in kwantar da hankalina, shi ma mai 'ya'ya ne. Na koma gida ina lallashin kaina cewa ai ya rantse.

Daga ranar na zama mai gadin kaskon ƙosai. Kullum da sassafe ina wurin, wai ina jiran nawa, alhali lura nake da gidan da ya aiko da gidan da bai aiko ba. Sati ɗaya ya wuce lafiya, har na fara sakin jiki. A sati na biyu na ga gidan dillali sun daina aikowa. Sai gidan maƙwabcinsa. Sai gidan surukan dillalin da ke can bakin rijiya. Abin bai zo a rana ɗaya ba, a hankali ya riƙa tafiya gida-gida, kuma duk gidan da ya janye sai in ji tsoro ya ƙara zauna mini a ciki. Na koma sayen ƙosan da ya fi ƙarfin cikina, in tsaya a wurin in ci a tsaye kowa yana gani, in kai sauran gida. Ita kuwa tana dariya tana cewa ko Injiniya ya kusa aure ne yake neman ƙiba. Daga baya dariyar ta ragu. Ta fara rage ƙullu, tana cewa garin ne babu kuɗi, kowa ya koma ɗumame. Ni na san ba haka ba ne. Abinci ya daina yi mini daɗi, na rame, ko waya ce ta yi ƙara sai gabana ya faɗi.

Wata rana Inna, mahaifiyata, ta dawo daga gidan suna, ta kira ni ɗaki ta rage murya. Ta ce daga yau kada in sake shigo mata da ƙosan nan gida. Na tambaye ta dalili kamar ban sani ba. Ta ce ana ta ƙus-ƙus a wajen sunan, wai irin ciwon da ya kashe mijin ne da ita, wai ma daga asibiti maganar ta fito, wata ma'aikaciya ce ta faɗa. Ta ce ita ba ta son zancen mutane, Allah ya rufa asirin kowa, amma dai a bar ƙosan. Maganar da ta fita daga hannuna ta zaga gari ta dawo ta same ni a ɗakin uwata. Na ce mata ciwon nan ba a ɗaukarsa a abinci, ko wane likita aka tambaya haka zai ce. Ta dube ni ta ce ni da nake gyaran kwamfuta yaushe na zama likita. Na tashi na fita, domin na san in na ƙara kalma ɗaya za ta tambaye ni me ya dame ni da zancen.

Na je na sami dillalin a bakin wani fili yana jiran masu saye. Bai ko musa ba. Ya ce matarsa kaɗai ya gaya wa, don ta kiyaye masa yara, kuma in ni ne ma haka zan yi. Ya ce kamata ya yi ma in gode masa, domin shi ya sa aka ce daga asibiti maganar ta fito, don ya rufa mini asiri. Da na ɗaga murya sai ya gyara hula ya ce in bi a hankali, in na matsa masa zai faɗi a wayar wa ya gani, kuma mutanen asibiti ba sa wasa da irin wannan, 'yan sanda za su turo a ɗauke ni a gaban Inna. Ban san ko gaskiya ya faɗa ba, amma na yarda da shi nan take. Na hango motar 'yan sanda a ƙofar gidanmu, na hango majalisa suna kallon Injiniyan zaune da ankwa a hannu, na hango kwastomomina suna kiran juna a waya. Na juya na tafi.

Wata safiya na fito ban ji ƙamshin mai ba. Duwatsun murhun nan uku suna nan a ƙofar gidanta, amma babu wuta. Da hantsi sai ga ta da kanta ta yi sallama a zaurenmu. Ta zauna daga bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ce taimako ta zo nema wajen Injiniya. Ta kwance bakin zane ta ciro 'yar wayarta mai madannai, ta ce akwai lambar da ta dame ta da kira, tana so in toshe mata ita. Na duba, lambar ma'aikaciyar asibitin ce, na san ta a ka. Ta ce tunda na ji abin da ake faɗa babu amfanin ta ɓoye mini. Mutum biyu ne a duniya suka san ciwonta, likita da wannan matar. Ta ce ta je har asibitin ta yi mata Allah ya isa a gaban mutane, kuma ta rantse ba za ta sake taka wurin ba, in magani zai ƙare ya ƙare. Matar kuwa ta dage da kira, wai ranar karɓar magani ta wuce. Ta ce abin da ya fi yi mata ciwo shi ne ta ɗauki matar tamkar 'yar'uwa, har kuka ta taɓa yi a kafaɗarta. Na buɗe baki zan faɗa mata gaskiya. Sai na tuna motar 'yan sanda. Na sunkuyar da kai na toshe lambar da hannuna, na miƙa mata wayar. Ta sa mini albarka, ta ce ni kaɗai ne ban guje ta ba a garin nan.

Ana cikin girbin gero yayanta ya zo da a-kori-kura ya kwashe ta da yaran zuwa ƙauyensu. Ban iya fitowa na yi mata sallama ba, ta tagar ɗakina na ga an ɗora kaskon a kan kaya.

Bayan 'yan kwanaki ma'aikaciyar ta kira ni, wannan karon ba don firinta ba. Muryarta a dushe take. Ta ce likita ya tsare ta da tambayoyi, an ɗauke ta daga wajen katuna an mayar da ita ɗakin ajiyar kaya, abokan aiki suna yi mata kallon mai tona asirin marasa lafiya. Ta rantse mini ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ko mijinta. Sannan ta tambaye ni ko zai yiwu wani daga waje ya shiga kwamfutar ba a sani ba. Na ce zan duba. Manhajar tana ajiye jerin duk lokacin da aka shiga, da rana da sa'a da minti. Na buɗe, ga ni nan, Talata, ƙarfe huɗu da 'yan mintuna, ga ni kuma a layi na biyu bayan ta kira. Na goge layin farko. Na kira ta na ce ban ga komai ba. Ina rubuta wannan ina jin kunyar kaina, amma tunda na ce zan faɗa, zan faɗi duka. Na ɗauka in na goge layin tsoro zai sake ni, sai ya ƙaru, domin yanzu mata biyu ne a wuyana. Na daina zama a gindin darbejiya, na koma neman sabis a kan wata tsohuwar katanga a bayan gari inda ba kowa.

An kwashe dawa, an tara kara, wata huɗu kenan ba ta sha magani ba a lissafina. Rannan Inna tana tsince wake ta ce mini, kamar labarin kasuwa, wai an ce mai ƙosai tana kwance, tari ya kama ta, ta ƙare har ba a gane ta, ba ta iya tashi sai an tashe ta. Ta ce Allah ya sa kaffara ne. Wani sabon tsoro ne ya shige ni, wanda ban taɓa jin irinsa ba. Na tsorata cewa matar nan za ta mutu, kuma ba ciwon ne zai kashe ta ba, ni ne, da lambar da na toshe. Na tsorata da ranar da za a tsayar da mu gaban Allah, ita da yaranta huɗu a gefe ɗaya, ni a gefe ɗaya. Kwana biyu ina salla ban san raka'a nawa na yi ba. A rana ta uku na lura tsoron 'yan sanda ya zama ƙaramin abu a wajena, na ari mashin ɗin wani abokina na kama hanyar ƙauyensu.

Yayanta ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka rirriƙo ta aka jingina ta da bango. Da ban san ita ce ba, da na rantse wata tsohuwa ce. Ta yi murmushi ta ce Injiniya ne da kansa, Allah ya saka da alheri. Wannan murmushin ya kusa mayar da ni matsoracin da na saba, don haka na fara magana da sauri kafin in fasa. Na gaya mata komai, tun daga kiran ma'aikaciyar da ta ce in jira, da tsokanar majalisa, da hannun kawu, da idon dillali, har layin da na goge. Yayanta ya miƙe tsaye, na sadaƙar duka zan sha, kuma na san na cancanta. Ta ɗaga masa hannu, ya koma ya zauna. Sannan ta yi mini tambaya ɗaya. Ta ce ranar da ta kawo mini wayarta a zaurenmu, na riga na sani? Na ce na sani. Ta gyaɗa kai a hankali.

Ta laluba bakin zane ta ciro wayar nan ta miƙo mini, ta ce in buɗe abin da na toshe. Na buɗe. Ta ce in kira mata lambar. A gabana ta gaya wa ma'aikaciyar cewa ta zalunce ta, ta janye Allah ya isan da ta yi mata, ta roƙe ta don Allah ta yafe mata. Ina jin kukan matar ta cikin waya, tana cewa babu komai, a kawo ta gobe-gobe da safe, ba a rufe katinta ba. Da ta kashe wayar na durƙusa na ce Yaya ta yafe mini. Ta ce ta ji. Na sake roƙo, ta sake cewa ta ji. A karo na uku ba ta dube ni ba, ta ce wa yayanta a mayar da ita ciki, ta gaji.

Washegari na riga su isa asibitin, na faɗa wa likitan gaskiya a gaban ma'aikaciyar. Ya saurare ni har na gama. Ya ce ba zai kai ni ko'ina ba, ba don ni ba, sai don kai ƙara zai ƙara yaɗa sunan baiwar Allah ne. Ya sa na cire manhajar a gabansa, ya ce kada in sake tako masa wuri. An mayar da ma'aikaciyar bakin aikinta, amma har na fita ba ta ɗago ta dube ni ba. Na so in tsaya a majalisa ma in faɗi laifina, sai na gane duk kalmar da zan furta tabbatar da zancen zan yi, in mayar da ƙus-ƙus ya zama shaida. Don haka a garinmu babu abin da na iya gyarawa. Kawu har gobe bai san abin da ya riƙe a hannunsa ranar nan ba, kuma har gobe yana ce mini Injiniyan zaune.

Abin da na koya, Edita, da tsada na koye shi, kuma ba ni na biya ba. 'Yan'uwana masu wannan sana'a, kwamfutar mutum ɗakinsa ce. Babu ɗayanmu da zai wuce zauren wani ya faɗa cikin gida babu sallama, to don me muke yin haka don kawai ƙofar tana cikin waya? In an ce ka jira, ka jira. Kada ka buɗe aikin mutane a inda akwai ido, domin a wurarenmu waya ba ta da mai ita in babba ya miƙo hannu. Ku kuma masu asibiti da makarantu da kantuna, ku tambayi mai gyaranku ko yana iya shiga ba ku sani ba, in ya ce yana iyawa ku sa ya rufe, ko da ɗanku ne. Jama'ar gari kuma, ciwon nan ba ya bin ƙosai, mun kashe wa marayu murhu ne a banza. Amma babban gargaɗina ga wanda ya riga ya yi kuskure ne. Leƙen da na sa aka yi minti biyu ne, shi ya raba ta da kaskonta. Shirun da na yi na watanni saboda tsoron abin da zai same ni, shi ya kusa raba ta da ranta. Da na faɗa ranar da ta zo zaurenmu, da ba ta bar magani ko na wata ɗaya ba.

Tana nan da ranta, alhamdu lillahi. Ta koma shan magani, ta murmure, an ce tana ɗan dama koko a ƙauyen yayanta. Garinmu kuwa ba ta sake takowa ba. Duwatsun murhun nan uku suna nan a ƙofar gidanta, ciyawa ta fito a tsakaninsu, kuma ta nan hanyata take zuwa masallaci sau biyar a rana. Duk ƙaramar salla nakan aika wa yayanta saƙo ya isar mata da gaisuwa, ya ƙara roƙa mini gafara. Bana ma na aika. Ya kira ni ya ce ya faɗa mata, ta ce ta ji.